Aikin Hannu Ga Yara Lokacin Hutu

Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu wata da watanni, iyaye da yawa suka ɗanɗana koyar da 'ya'yansu a gida, har waɗansu suka riƙe abin. Mun yaba. Amma abin da muke gani shi ne, da hutu ya zo sai a rufe littafi a miƙa wa yaro waya don ya yi shiru, ko kuwa a tsare shi da alli da lissafi tun safe har ya ƙi jinin karatu. Duka biyun kuskure ne, kuma mu malamai da akawuna mun fi kowa aikata su, domin muna ganin taɓa laka bai dace da ɗan ma'aikaci ba.

To, a tuna da Ladi Kwali. A gida ta koyi ginin tukwane wajen wata 'yar'uwar iyayenta tun tana yarinya, sa'an nan a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yau, wadda Michael Cardew ya kafa. Hotonta ne a bayan takardar naira 20. Ba mu ce kowane yaro zai kai nan ba, amma hannun da bai saba da yin abu ba wuya ya iya riƙon alƙalami da kyau.

Abin lura shi ne, kowane hutu da kayan aikinsa. Babban hutu yakan faɗo tsakiyar damina, lokacin da kara bai bushe ba, amma yumɓu ya yi laushi. Sai a ɗebo wa yara, su gina shanu da raƙuma da 'yan tukwane, a shanya a inuwa, gama in aka sa a rana tsagewa za su yi. Babba ne zai ɗebo yumɓun. Kada a kuskura a aiki ƙaramin yaro bakin kududdufi. A ba kowane yaro gwangwani ya huda gindinsa, ya shuka wake ko gyaɗa, kullum safe ya auna tsiron da tsinke ya zana tsawonsa a takarda. Kafin a koma karatu ya san awo, ya san ƙidayar kwanaki, ba wanda ya tsawata masa.

Hutun bayan kaka kuwa na kara ne. A feƙe ɓawon, a yanka totuwar, ga mota, ga tabarau, ga kejin tsuntsu. Yaron da ya yi wa motarsa ƙafa huɗu daidai wa daida ya yi lissafin da ya fi na allo wuya. Ɓawon kara yana da kaifi fa, reza kuma ta zauna hannun babba. 'Yan mata su fara da kitson kaba kafin su kai ga faifai, kowa kuma ya iya haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Da la'asar a haƙa gurabun dara guda 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Da dare sai tatsuniya da kacici-kacici, gobe yaro ya maimaita da bakinsa, wanda ya iya rubutu ya rubuta.

Muna roƙon malamai, ranar ba da hutu su gaya wa kowane yaro abu guda da zai yi da hannunsa ya kawo. Iyaye kuma su yi haƙuri da saniya mai karkataccen ƙaho. Idan uba ya karɓe ya gyara, ta zama tasa ba ta yaron ba. Wanda bai iya ko ɗaya cikin waɗannan ba, ya kai yaron wajen kakarsa ko maƙwabci mai sana'a, shi ma ya zauna ya koya tare da shi.