Ra'ayinmu: Bijimin Filin Wasa da Ragon Layya

Dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta hana yanka dabba sai an sumar da ita, don kada ta ji zafin wuƙa. Amma ta toge yankan Musulmi da na Yahudawa, muddin a mayanka aka yi shi. A 2019 yankunan Flanders da Wallonia na Beljiyam suka soke wannan togaciya. Mabiya addinan biyu suka garzaya kotu, suka sha kaye a Kotun Tarayyar Turai a Disambar 2020, suka sake shan wani a Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai a Fabrairun 2024.

Masu goyon bayan sokewar ba duka ne maƙiya addini ba. Likitocin dabbobi sun nuna cewa saniya ba ta fita hayyacinta nan take bayan yanka, saboda jijiyoyin bayan wuya na ci gaba da kai jini ƙwaƙwalwa. Kuma Beljiyam ta yarda da sumarwar da ba ta kisa, irin wadda wasu malamai suka halatta, ake kuma amfani da ita a naman halal na New Zealand.

To amma dokar nan ta 2009 ba ta shafi farauta da wasannin al'ada ba. A Faransa, sashe na 521-1 na dokar laifuka da ke hukunta azabtar da dabba ya toge wasan bijimai da faɗan zakaru a garuruwan da suka gaje su. Sifaniya kuwa a 2013 ta ɗauki wasan bijimai a matsayin kayan gadon ƙasa. Bijimin da ake sukar sa da mashi har ya faɗi, jama'a na tafi, ya sami izinin doka, mahaucin da ke neman abincin halal a Flanders da Wallonia kuwa ya rasa. Wannan ya yi mana ciwo.

Muna ganin a bar togaciyar addini, amma da sharuɗɗa masu tsauri: mahauci mai horo, wuƙa mai kaifi, likita a tsaye, a kuma rubuta a jikin nama yadda aka yanka. Musulunci da kansa ya umarci kyautata yanka, saboda haka sharuɗɗan ba baƙi ba ne a wurinmu. Togaciyar nishaɗi ce ya kamata majalisun Turai su fara sokewa.