Raddi Ga Masu Cewa "Ba a Faɗi Ba Sai an Sayar"

Akwai wata magana da masu koyar da cinikin hannun jari da na kirifto ke cusa wa ɗalibansu har ta zama kamar karatun allo: wai ɗan kasuwa bai faɗi ba sai ranar da ya sayar. Hujjojinsu uku ne: saukar farashi lamba ce kawai a fuskar waya, kasuwa kullum tana dawowa, kamun kai kuma shi ne mutum ya danne zuciyarsa ya riƙe abin da ya saya. Wato dai sun naɗa wa taurin kai rawani sun sa masa suna haƙuri.

A fara da ta tsakiyar, don a kanta aka ɗora ginin. Kasuwa tana dawowa, to yaushe? Ma'aunin Nikkei na Japan ya kai 38,915 a ƙarshen Disambar 1989, ya gangaro, bai sake taka wurin ba sai Fabrairun 2024. Shekara 34 ke nan. Jaririn da aka raɗa wa suna a wancan watan ya isa aure da haihuwa kafin wannan "dawowa" ta iso. A Legas ma, ma'aunin kasuwar hannun jari ya haura 66,000 a Maris 2008, lokacin da bankuna ke ba mutane bashi su sayi hannun jari, sannan ya rushe, bai koma can ba sai Agustan 2023. A Maris 2008 dala ba ta kai naira 120 ba, a ranar da ma'aunin ya dawo kuwa ta haura 700. Wanda ya riƙe ya samu lambarsa, amma ba ta sayen rabin buhunan da take saye a da.

Ma'auni ma ke nan, mai tattara kamfanoni da yawa. Kamfani guda yakan mutu murus.

A tambayi bankin Barings na Ingila, wanda aka kafa a 1762. Ma'aikacinsa a Singafo, Nick Leeson, ya bi wannan karatun sau da ƙafa. Ya ɓoye asararsa a wani asusu mai lamba 88888 yana jiran Nikkei ta tashi. Girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe a 17 ga Janairun 1995, kasuwa ta ƙara nutsewa, shi kuma ya ƙara zuba kuɗi don ya rama. Kafin Fabrairu ya ƙare asarar ta kai fam miliyan 827. Bankin ING ya saye Barings a kan fam ɗaya, Leeson ya tafi gidan yari. Haƙuri kam ya yi shi, ba wanda zai ce bai yi ba.

Batun danne zuciya kuwa, sun juya shi ne a baibai. Riƙe abin da ke faɗuwa ba ya buƙatar jarumta, shi zuciya take so, don kada mutum ya amsa cewa ya yi kuskure. Terrance Odean ya binciki asusun masu ciniki 10,000 a Amurka, ya wallafa sakamakon a 1998: mutane na gaggawar sayar da mai riba, su rungume mai asara, kuma waɗanda suka sayar ɗin sun fi waɗanda suka riƙe kawo riba a shekarar da ta biyo baya. Kamun kan gaske yana wurin saurayin da ke zaune a bencin mai shayi ƙarfe ɗayan dare, shayinsa ya huce, farashi na dab da iyakar asarar da ya sa wa kansa tun safe, babban yatsansa na ƙaiƙayin matsar da ita ƙasa, ya kife wayar ya bar ta inda take.

Saura "lamba ce kawai". Haba malam! Mai cinikin da ya ci bashin dillali ba a ma tambayarsa: da jarinsa ya zaizaye zuwa wani mataki, na'ura ce ke sayar masa da kayan, ko yana barci.