Mu Zaga Duniya: Tutocin Sarakunan Sikotilan

 A wannan wata za mu leƙa Sikotilan, wadda Faransawa ke ce ma Ekos. Ƙasa ce mai sanyi da duwatsu da tumaki, arewa da Ingila. Tun 1707 suka haɗa gwamnati da Ingila, amma har yau suna riƙe da shari'arsu.

Kowane makiyayi ya san amfanin lalas a jikin raƙumi. Da an ga alama an san mai shi. To, sarakuna da hakiman Sikotilan ma kowa da alamarsa, sai dai a kan garkuwa da tuta suke zana ta. A zamanin da, mayaƙi yakan rufe fuska da hular ƙarfe, kuma yawancin jama'a ba su da karatu. Idan ƙura ta tashi, tuta kaɗai ke nuna ma mutum inda ubangidansa yake.

Ga labarin alama guda. Sarkinsu Robat Burus ya rasu a 1329. Kafin ya cika ya yi wasiyya a cire zuciyarsa a kai ta Birnin Ƙudus. Wani jarumi, Jemis Dagalas, ya ɗauke ta cikin ɗan akwati. Bai kai ba, an kashe shi a wani yaƙi a ƙasar Sifaniya a 1330. Daga nan gidan Dagalas suka sa jar zuciya a alamarsu, ƙarƙashin taurari uku farare. Wanda ya san labarin, da ya hangi tutar ya tuna amanar da kakansu ya ɗauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a bar lamarin sakaka ba. A birnin Edinbara akwai alƙali na musamman mai sarautar Lod Layon, aikinsa ke nan. A 1672 aka yi dokar buɗe babban littafi, inda ake rubuta kowace alama da sunan mai ita. Har yau ana rubutawa a cikinsa. Wanda ya ɗauki alamar wani, ko ya ƙago tasa ba izini, ana iya kai shi gaban alƙalin, a ci shi tara, a goge alamar.

Alama ta mutum ɗaya ce, ba ta dangi duka ba. Idan uba ya rasu magaji ke ɗaukar ta yadda take. Ƙannensa sai sun je an ƙara masu wani abu, kamar zane a gefe, don a bambanta su. Kun ga an toshe ƙofar rigimar gado tun da wuri.

Tutocin ma iri-iri ne. Mai kusurwa huɗu tana ɗauke da alamar mutum cikakkiya, tana nuna shi da kansa yana wurin. Akwai doguwa mai tsini wadda ake kafawa inda mabiya za su taru. Tsawonta gwargwadon girman sarauta ne: bisa tsohon awo sarkin ƙasa yadi 8, babban hakimi da suke kira duk yadi 7, haka ake raguwa har zuwa yadi 4. Ba dama ƙaramin mutum ya sayi yadi da yawa don yana da kuɗi! Sai kuma wata ƙarama mai kusurwa uku. Ita wakili ke ɗagawa idan shugaban zuriya bai samu zuwa taro ba.

Talaka fa? Yana da tutar ƙasa, shuɗiya mai farin gicciye, kowa na iya ɗaga ta. Rawayar nan mai jan zaki kuwa ta sarki ce, shi da manyan wakilansa ƴan kaɗan, ko da yake ranar wasan ƙwallo ƴan kallo sukan kaɗa ta a fili.