Zauren Uwargida: Salatin Meksiko da Niƙaƙƙen Nama

 

Sau da yawa idan aka kawo salati gaban maigida, sai ya ɗanɗana, sannan ya tambayi inda abincin yake. To, yau ga salatin da shi kansa abinci ne mai riƙe ciki. Ana jingina shi ga ƙasar Meksiko, amma a wannan siffa tasa girki ne na kudancin ƙasar Amurka, musamman jihar Teksas, inda abincin al'ummun biyu ya cuɗanya. Kayan haɗinsa kuwa ba baƙinmu ba ne, domin masara da tumatir da barkono daga nahiyar Amurka suka bazu cikin duniya bayan tafiyar Kolombus ta 1492, har suka zama 'yan gida a madafanmu.

Domin mutum shida, ki tanadi niƙaƙƙen naman sa rabin kilo, wake kofi ɗaya, masara ɗanya guda 2, ganyen salati, tumatir 4, albasa 2, tattasai, fiya 1, lemun tsami 2, tafarnuwa, barkono, garin kumin, gishiri, mai, da kindirmo.

Ki jiƙa waken tun dare, ki dafa shi ya yi laushi amma kada ya farfashe. Idan jan wake ne irin nasu, wajibi ne ya tafasa sosai na aƙalla minti 10, domin akwai guba a cikinsa wadda tafasa ce ke kashe ta. Ki dafa masarar ki ɓare ƙwayoyinta. Sai ki soya albasa ɗaya da tafarnuwa, ki zuba naman kina wargaza shi da ludayi, ki sa gishiri da barkono da kumin, har ruwansa ya tsotse.

A nan sai a kula. Niƙa kan shigar da ƙwayoyin cutar da ke bayan nama zuwa cikinsa, saboda haka niƙaƙƙen nama ba ya son rabin dahuwa: masana lafiya sun ce zafin cikinsa ya kai digiri 71. Kuma kada a yanka ganye da wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama sai an wanke ta da sabulu. Ganyen ma a wanke shi ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta.

Ki shimfiɗa ganyen a faranti, ki jera wake da masara da tumatir da sauran kayan, ki ɗora naman da ɗuminsa. Ki kaɗa kindirmo da ruwan lemun tsami da ɗan gishiri, ki yaryaɗa a kai dab da ci, don kada ganyen ya yanƙwane.

Ga 'yan'uwa mazauna ƙasashen waje kuma, a Meksiko al'ada ce a soya dakakken wake da kitsen alade. Saboda haka a karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani kafin a saya, a kuma tabbatar naman yankan halal ne tun kafin a niƙa, domin bayan niƙa ido ba ya iya tantancewa.

Allah Ya sanya albarka cikin abincinmu, Ya ciyar da mu halal. Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.