Filin Kimiyya da Fasaha: Ƙaramar Kyamara da Saitin da Ya Kamata Mai Ita Ya Sani

A wannan mako filin ya waiwayi wata na'ura wadda mutane da yawa suka ɗauka wayar hannu ta riga ta binne ta, watau ƙaramar kyamarar nan ta aljihu wadda ba ta aiki da fim. Gaskiya ne kasuwarta ta faɗi ƙwarai. Ƙididdigar ƙungiyar masu ƙera kyamara ta ƙasar Japan, wadda ake kira CIPA, ta nuna cewa a shekarar 2010 kamfanoninta sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120, mafi yawansu irin waɗannan ƙanana, amma daga 2020 zuwa 2023 babu shekarar da adadin ya kai miliyan 10. Duk da haka ba ta ɓace ba. Tana nan a gidaje da makarantu da ofisoshi, ana kuma sayen ta hannu a kasuwa, har yau da ita wasu ke ɗaukar bikin aure da suna da hawan salla da taron yaye ɗalibai.

Abin da ya sa batun ya cancanci fili shi ne irin waɗannan taruka ba a maimaita su. Idan an watse sa'an nan aka tarar fuskar ango ta dushe cikin farar riga, ko kakar amarya ta fito dishi-dishi kamar an ɗauke ta cikin hazo, ba mai iya sake tara jama'a. Sau da yawa akan ɗora wa kyamarar laifi, alhali kuwa maganin abin yana cikin jerin zaɓin da ke bayan maɓallin da aka rubuta MENU a kansa, wanda mai ita bai taɓa dannawa ba tun ranar da ya saye ta.

A shekarar 1975 ne wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, ya haɗa kyamara ta farko irin wannan. Nauyinta ya kusa kilo 4, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama adana hoto ɗaya a kan kaset. Bayan shekara 20, watau a 1995, kamfanin Casio ya fitar da QV-10 mai ɗan allo a bayanta inda ake ganin hoto nan take, kuma a kan irin wannan allo ne jerin zaɓin yake fitowa. Domin bayani ya tsaya a kan abu guda, za a ɗauki Canon IXUS 185, wadda ta fito a 2017, ta zama misali. Mai Sony ko Nikon ko Panasonic zai tarar sunaye sun ɗan bambanta, amma aikin ɗaya ne.

Yawan ɗigo da janyo nesa

Abin da mai sayarwa ya fi cika baki da shi shi ne megafiksel, watau ɗigo miliyan ɗaya daga cikin ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto. IXUS 185 tana da 20. Sai dai duk waɗannan ɗigo an cusa su ne a kan ɗan farantin kama haske mai tsawon kusan milimita 6.2 da faɗin 4.6, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Fim ɗin da aka saba da shi a da yana da milimita 36 da 24, watau ya ninka wannan faranti kusan sau 30. Idan ɗigo sun yi yawa a wuri ƙarami, kowane ɗaya haske kaɗan yake samu, shi ya sa irin wannan kyamara take ƙoƙari da rana, ta kuma gajiya da wuri idan duhu ya fara. Sony RX100 ta 2012 ita ma megafiksel 20 gare ta, amma farantinta ya ninka wancan kusan sau huɗu, kuma a cikin ɗaki ne ake ganin bambancin.

Hoton da za a wanke a girman inci 4 da 6 bai buƙaci fiye da megafiksel 2 da 'yan kai ba, wanda zai cika takardar A4 kuwa kusan 9 ya ishe shi. Saboda haka kada yawan ɗigo ya ruɗi mai saye. Amma wanda ya riga ya mallaki kyamarar, gara ya bar girman hoto a mataki mafi girma, wanda Canon ke yi wa alama da harafin L, domin ya sami damar yanke gefen hoto daga baya ba tare da ya lalace ba.

Janyo abin da ke nesa kuwa iri biyu ne. Na farko shi ne wanda gilashin kyamara ke yi da kansa sa'ad da ya miƙo waje, kuma na IXUS 185 yana ninkawa har sau 8. Na biyu dabara ce ta lissafi: kyamarar tana yanke tsakiyar hoto ne ta buɗa shi, sai ya ƙara girma ya kuma rasa kaifi. Ya kamata a shiga jerin zaɓi a kashe wannan na biyu. Ko na farkon ma yana da nasa tsada, gama ƙofar da haske ke shiga tana tsukewa daga f/3.2 zuwa f/6.9 idan an janyo har ƙarshe, abin da ke shiga bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na hasken farko ba. Don haka a cikin ɗaki ko rumfar biki, matsawa kusa da ƙafa ya fi janyowa.

Farar riga da tsakar rana

Muddin kyamara tana kan AUTO, yawancin zaɓin a kulle suke. Matakin farko shi ne a mayar da ita kan harafin P. A nan ma ita ce za ta ci gaba da auna haske, amma za ta bar wa mai ita ikon gyara, ta hanyar maɓallin tsakiya da aka rubuta FUNC./SET a kansa.

Gyara mafi muhimmanci ga mai ɗaukar hoto a ƙasar nan shi ne na ƙarin haske da raginsa, mai alamar +/-. Kyamara ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba; tana haɗa duk hasken da ke gabanta ne ta nemi matsakaici. Idan dattawa goma sanye da fararen manyan riguna suka jeru a gaban farin bango, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage shi, riguna su koma ruwan toka, fuskoki kuwa su nutse cikin duhu. Ma'aunin yana tafiya daga -2 zuwa +2, kowane mataki cikakke yana ninka haske sau biyu ko ya raba shi biyu, an kuma karkasa shi uku-uku. A irin wannan hali a ɗaga shi zuwa +2/3 ko +1, a ɗauka, a duba fuska a allo. Idan aka wuce gona da iri, aikin zaren da ke gaban riga zai ɓace cikin fari, don haka yana da kyau a ɗauki biyu a matakai daban-daban. Idan kuwa bayan mutum duhu ne, kamar taron dare, sai a rage. Da an gama a mayar da shi sifiri, domin a kan P kyamarar tana riƙe abin da aka bar ta a kai ko bayan an kashe ta.

Har ila yau, babu saitin da ya kai zaɓen wuri. Rana ta tsakar ka tana jefa inuwar hula da rawani a kan idanu. Inuwar bishiya ko ta zaure, ko hasken hantsi da na la'asar, sun fi kyautata wa fuska.

Duhu, rawar hannu da filashi

Lambar ISO tana nuna yadda kyamara ke ƙarfafa ɗan hasken da ta samu, kuma a IXUS 185 tana tashi daga 100 zuwa 1600. Duk ninki ɗaya yana rage rabin lokacin da idon kyamara zai kasance a buɗe. Idan a 100 tana buƙatar kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa, wanda ya isa rawar hannu ta ɓata hoto, a 400 kashi ɗaya cikin 60 ya wadatar. Illar ita ce, gwargwadon hawan lambar gwargwadon yadda hoto ke yin tsaki-tsaki. A waje da rana 100 ta isa, a ɗaki mai taga 400, ita kuwa 800 da abin da ya yi sama sai dole. A riƙe kyamara da hannu biyu, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, a danna maɓallin ɗauka rabi har sai ta yi ƙara ta nuna koren akwati a kan fuska, sa'an nan a ƙarasa dannawa. Idan akwai tebur ko katanga, a ɗora ta a kai a sa mata jinkirin daƙiƙa 2, ta ɗauka ba hannu a jikinta.

Filashin irin wannan kyamara ba ya wuce kusan mita 3, gama haske yana raguwa da sauri: abin da ke mita 4 kashi ɗaya cikin huɗu yake samu na hasken da abin da ke mita 2 ya samu. Wanda ya tsaya a bayan taro yana haska mahaya daga nesa, ƙeyar na gabansa kawai yake haskawa, batir kuma yana ƙarewa. Nan wurin kashe shi ne, haka ma a gaban madubi ko gilashi. Inda ya fi amfani, ko da yake ba a cika tunawa ba, shi ne da rana tsaka idan hasken yana bayan mutum: a tilasta masa ya kama, sai ya cike inuwar da ke kan fuska.

Sai kuma daidaita launin fari. Hasken rana yana kusan 5,500 a ma'aunin Kelbin, na ƙwan lantarki mai zare kuwa kusan 3,000, watau ya karkata zuwa rawaya, na wasu dogayen fitilu kuma yana ɗan yin kore. Ido yana gyara wannan da kansa, kyamara kuwa takan yi kuskure. A jerin zaɓi akwai hoton rana da gajimare da ƙwai da doguwar fitila; a zaɓi wanda ya dace da wurin. Idan fitilu sun gauraya, akwai zaɓin da ake nuna mata farar takarda a ƙarƙashin hasken, ta ɗauke ta a matsayin ma'auni.

Kwanan wata da katin memori

Kowane hoto yana ɗauke da rana da sa'ar da aka ɗauke shi a ɓoye a cikinsa. Idan kyamara ta yi makonni babu batir, agogonta yakan ɓace, don haka a duba shi kafin aiki, musamman idan hoton shaida ne na aikin gini ko na ɓarnar ambaliya da za a kai ofis. Akwai kuma zaɓin buga kwanan a kusurwar hoton kansa. Wannan ba ya goguwa bayan an ɗauka, saboda haka a kashe shi sai inda ake buƙatarsa.

Zaɓi mafi hatsari shi ne wanda aka rubuta Format. Yana share duk abin da ke kan katin memori, har da hotunan da aka sa wa kariya. Amfaninsa shi ne shirya sabon kati, ko tsohon da aka riga aka kwashe hotunansa zuwa kwamfuta aka kuma tabbatar suna buɗewa. Wanda ya share hoto bisa kuskure, ya daina ɗauka nan take ya cire katin, gama sau da yawa masu gyara suna iya dawo da shi muddin sabo bai hau kansa ba. Idan kuwa yara sun jagwalgwala saiti har an rasa kan gado, zaɓin da aka rubuta Reset All yana mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ba ya kuma taɓa hoto ko ɗaya.

Da hunturu a lura da ƙura. Gilashin kyamarar yana fita yana komawa ne a kan ƙananan haƙora, kuma 'yar ƙwayar yashi tana iya sarƙe su. A ajiye ta cikin jakarta, a kakkaɓe ƙura da iska kafin a goge da ƙyalle mai laushi, kada a yi da bakin riga.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda aka ɗora wa ɗaukar hoton wani taro, ya kamata ya je wurin tun ana gobe, a daidai lokacin da za a yi shi, ya sa wani ya tsaya da farar riga, ya gwada waɗannan zaɓi ɗaya bayan ɗaya, ya cika batir, ya duba agogo da katin memori. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai rai.