A fara da malamin da ke bakin Komadugu

Idan ana maganar haɗa jami'o'inmu da na ƙetare, hankali kan tafi ga shugabanni da sa hannu kan yarjejeniya. Ni kuwa ina ganin Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014 ta mai da hankali kan noma da muhalli, ta wurin malamanta ya kamata ta fara. Ruwan Komadugu da ke shayar da gonakin tattasai na Diffa daga Nijeriya yake gangarowa, ta kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano suna rage abin da ke isowa. Malamin da ke nazarin wannan ruwa, ko kiwon makiyayan Foulatari da ke jihar Diffa, abokin aikinsa na farko yana Jami'ar Maiduguri ko ta Bayero ko Njamaina, kafin a kai ga Faransa. Shi ya san wanda ke riƙe da alƙaluman da yake nema, don haka a zauna da shi tun ranar da ake tsara yarjejeniyar. A rage masa awannin koyarwa, a ba shi kuɗin tafiya, a taimaka masa da Turancin Ingilishi, domin harshe katanga ne tsakanin gaɓar nan da waccan. Tun hare-haren da aka kai yankin Diffa a 2015 tafiya ta yi wuya, haka ne, amma intanet mai ƙarfi zai ba malamai biyu damar kula da ɗalibi ɗaya tare.