Tattali da Rufin Asiri a Zamanin Wayar Salula

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, a kudancin Jihar Katsina, akan tarar da magidancin da ya noma buhunan masara masu yawa, amma wayar da ke aljihunsa ƙarama ce mai madannai da tocila. Ba ya faɗin yawan abin da ya samu a gona, ba ya bayar da lambarsa ga wanda bai sani ba, idan kuma zai yi tafiya iyalinsa kaɗai ke sanin rana da hanya. Samarin da suka buɗe ido da babbar waya sukan kira wannan hali rowa ko ƙauyanci. Ra'ayin wannan maƙala shi ne magidancin ya fi su gaskiya. Halinsa ya samo asali ne daga ɗabi'u biyu da Bahaushe ya daɗe da su, wato tattali da rufin asiri, kuma zamanin wayar salula ya ƙara musu daraja.

2.0 Tattali da Rufin Asiri a Al'adar Bahaushe

Tattali shi ne kula da abin da aka mallaka da kashe shi bisa ƙima, domin ya kai mutum gobe. Ya bambanta da rowa, domin marowaci yana hana abin da ya wajaba ya bayar, shi kuwa mai tattali yana guje wa abin da bai zama dole ba ne domin ya iya sauke abin da ya wajaba. Rumbu da asusu da adashe da kiwon ɗan akuya a bayan ɗaki duk hanyoyin tattali ne da aka gada.

Shi kuwa rufin asiri, ma'ana biyu gare shi a Hausa. Ta farko ita ce ɓoye abin da bai kamata a sani ba. Ta biyu ita ce samun abin da zai ishi mutum har ya kauce wa roƙo, shi ya sa idan aka ce wane yana da rufin asiri, ana nufin yana da abin biyan buƙatarsa. Haɗuwar ma'anonin biyu a kalma ɗaya ta nuna yadda Bahaushe ya fahimci lamarin: wanda ya ɓarnatar da abin hannunsa, ba da jimawa ba asirinsa zai tonu.

Tsarin gidan Bahaushe ma shaida ne. Baƙo yana tsayawa a zaure ya yi sallama, ba ya wucewa ciki sai da izini. Addinin Musulunci ya ƙarfafa wannan, domin Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat ta hana binciken sirrin mutane, Suratul Isra'i kuma ta yi hani ga almubazzaranci. Haka nan, a laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa amana da kunya da hankali cikin siffofin da ake auna mutum da su. Hausawa sun dunƙule wannan duka da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

3.0 Abin da Waya Ta Zo da Shi

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a 2001, lokacin da layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka. Bayan kamfanin Glo ya shigo a 2003 da tsarin biyan kuɗin kira bisa daƙiƙa, farashi ya yi ta sauka har waya ta shiga kowane ƙauye. Amfaninta a bayyane yake. Manomi yana jin farashin masara a kasuwar Dandume ko Funtuwa kafin ya ɗora kaya a mota, ɗan ci-rani yana aiko wa mahaifiyarsa kuɗi daga Legas, ana kuma sanar da rasuwa ko haihuwa cikin minti ɗaya.

Sai dai waya tana cin kuɗi ta hanyar da ba a cika lura da ita ba. Akwai kuɗin kati, da kuɗin data, da kuɗin caji a inda babu lantarki, da kuɗin gyara, ga kuma sha'awar sauya waya duk lokacin da sabuwa ta fito. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Malamin firamare da ke ƙone wani yanki na albashinsa wajen kallon bidiyon barkwanci har tsakar dare, shi ne zai tsaya gaban mai shago neman bashin gero kafin wata ya ƙare.

Ta fuskar sirri kuwa, waya ta buɗe wa gida ƙofar da ba ta bi ta zaure. Hoton amarya da kayan ɗakinta, da sabon babur, da takardar shaidar kuɗin da suka shigo asusu, duk sukan fita daga gida su shiga Facebook ko WhatsApp ko TikTok, inda mai su ba ya da iko a kan wanda zai gani. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta wuyar dawowa, domin ko an goge shi wani ya riga ya adana.

4.0 Darasin da Yankin Sabuwa Ya Koya

Mutanen wannan yanki sun koyi darajar sirri ta hanya mai ɗaci. Sabuwa tana iyaka da Jihar Kaduna, Faskari kuma da Zamfara, kuma dazuzzukan da ke tsakani sun zama mafakar 'yan bindiga masu satar mutane domin kuɗin fansa. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A waɗannan shekaru kalmar infoma ta shiga bakin kowa, wato mutumin cikin gari da ke sanar da ɓarayi wanda ya sayar da hatsi, ko wanda ɗansa ya aiko masa da kuɗi, ko hanyar da wane zai bi. Da ɗan gari kan ci gari, kuma babban makamin infoma shi ne waya.

Wannan ne ya sa a watan Satumban 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wasu yankuna. Ba a maido da sabis a waɗannan wurare ba sai a watan Disamba. Jama'a sun sha wuya ƙwarai. Ciniki ya ja baya, aika kuɗi ya gagara, wanda aka kai wa hari ya rasa yadda zai nemi agaji, wasu kuma sai sun yi doguwar tafiya kafin su yi kira ɗaya. Abubuwa biyu suka fito fili a watannin nan. Na farko, waya ta zama abin buƙata, ba a iya cewa a yar da ita. Na biyu, wanda ya dogara da ita kacokan, bai riƙe lambar kowa a takarda ba, bai kuma ajiye ɗan abin kashewa a hannu ba, shi ya fi tagayyara. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sake nuna cewa dogaro da hanya ɗaya tak, ko ta waya ce ko ta tsabar kuɗi, kasada ce.

Ba ɗan bindiga kaɗai ke farautar bayanan mutum ba. Akwai mai kira yana cewa daga banki yake, yana neman lambar BVN ko lambar sirri da aka turo ta saƙo. Akwai manhajojin bayar da rance da suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar wanda ya ci bashi, suna aika wa 'yan'uwansa saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta ɗauki mataki a kansu a 2022. Wannan hukuma ce kuma ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024 saboda yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta tsaron aljihun wanda ya karanta wa baƙo lambarsa ta sirri da bakinsa.

5.0 Hujjojin Masu Suka

Masu sukar wannan hali suna da hujjoji biyu da ya kamata a saurara. Ta farko ita ce yawan ɓoye-ɓoye yana haifar da zargi, har maƙwabci ya daina yarda da maƙwabci, zumunci ya yi rauni. Wannan haɗari ne na gaske. Amsarsa ita ce rufin asiri yana da iyaka. Mutum yana ɓoye yawan dukiyarsa, amma ba ya hana zakka, ba ya ƙin taimakon ɗan'uwa, ba ya kuma rufa wa mai laifi asiri a gaban hukuma ko mai unguwa. Wanda ya san infoma ya yi shiru ya ci amanar gari.

Hujja ta biyu ita ce wanda ya tsaya ga ƙaramar waya zamani zai bar shi a baya, alhali rijistar jarrabawa da neman aiki da karatu sun koma intanet. Wannan ma gaskiya ne, kuma tattali bai hana sayen abin da ake buƙata ba. Ɗalibin kwalejin ilimi da ya sayi babbar waya domin sauke littattafai da shirya darasi ya yi tattali. Wanda ya ci bashi ya sayi wadda ta fi ta abokinsa tsada domin a gani, kwaɗayi ya ja shi, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

6.0 Nauyin da Ke Kan Malami

Malami a ƙauye yana riƙe da amanar da ta wuce alli da allo. A hannunsa rijistar makaranta take, da sunayen yara da na iyayensu da unguwanninsu. Bai kamata ya ɗauki hoton ɗalibansa ya watsa ba tare da yardar iyaye ba, ko ya saka jerin sunaye da sakamakon jarrabawa a zauren WhatsApp da ba a san duk waɗanda ke cikinsa ba, ko ya yi shelar ranar da makaranta za ta yi tafiya. Shi ake kawo wa waya a ce ya karanta saƙon banki, saboda haka abin da ya gani ya tsaya a cikinsa.

A cikin aji kuma, darasin Hausa ya ba shi dama mai kyau. Yana iya amfani da karin magana irin su "baki shi ke yanka wuya" da "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" ya tattauna da ɗalibai a kan abin da ya dace a faɗa a waya. Yana iya ba su aikin insha'i su lissafa abin da gidansu ke kashewa a kati da caji a wata guda, su kwatanta shi da kuɗin kwanon masara.

7.0 Kammalawa

Magidancin nan mai ƙaramar waya bai ƙi zamani ba. Ya auna abin da zai iya ɗauka ne, ya kuma gane cewa labarin gidansa dukiya ce da ake sata kamar yadda ake satar shanu. Abin da ake buƙata ga malamin gobe shi ne ya haɗa wannan hankali da ilimin na'ura, ya riƙe wayar da ta dace da aikinsa da aljihunsa, ya kuma koya wa yaran da ke gabansa su tambayi kansu, kafin su aika hoto ko saƙo, wane ne zai gani kuma me zai yi da shi.